Makaɗi a bisa hanya: tsokaci a kan faifan Tears of Injustice na ƙungiyar Mdou Moctar

1. Gabatarwa

Faifan da muke son mu yi tsokaci a kansa a cikin waɗannan ƴan shafuka sunansa Tears of Injustice, wato hawayen zalunci. Ƙungiyar Mdou Moctar ce ta yi shi, kamfanin Matador na Amurka kuma ya fito da shi ranar 28 ga Fabrairu 2025. Waƙoƙi 8 ne a ciki, kuma babu sabuwa ko ɗaya, don kuwa dukansu sun riga sun fito a cikin Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, na watan Mayu 2024. Abin da ya sake shi ne kayan kiɗa: an ajiye gitar kuran da manyan ganguna, an ɗauki gitar katako da kiɗan hannu. Mutane huɗu ne ƙungiyar: Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ke waƙa da jan gita, Ahmoudou Madassane mai gita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai gitar bas, wanda kuma shi ke tsara faya-fayansu.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan faifai shi ne, a ganinmu, shaida ce a kan wata irin rayuwa da ba a cika yin rubutu a kanta ba cikin harsunanmu, wato rayuwar makaɗin da ke kwana yau a wannan gari, gobe a wancan, yana yi wa mutanen da ba su jin harshensa waƙa.

2. Labarin da ya rako faifan

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuli 2023 ƙungiyar tana cikin zagayen wasanni a Amurka, sai aka yi juyin mulkin ranar 26 ga wata a Yamai. Aka rufe iyakoki. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, har da na hada-hadar kuɗi. Ranar 6 ga Ogusta aka rufe sararin samaniyar ƙasa, ba a buɗe shi ga jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba. Ƴan Nijar uku na ƙungiyar suka maƙale. Aka yi musu karo-karo ta intanet don kuɗin masauki da abinci. Kwana biyu bayan wasansu na ƙarshe a Niyok suka shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Burukilin, suka zauna tare a ɗaki guda, cikin kwana biyu suka gama mafi yawan aikin. Bayan wajen wata ɗaya suka samu hanyar komawa gida.

Da yawa daga cikin jaridun Turai da Amurka sun ɗauki wannan labari suka mai da shi mabuɗin faifan: ga mutanen da aka raba da gida, ga hawayensu. Amma fa kamfanin da kansa ya faɗi cewa shirin yin wannan faifai yana nan tun kafin juyin mulkin. Ke nan ba juyin mulkin ya haife shi ba. Abin da juyin mulkin ya yi shi ne ya tsawaita wani abu da dama shi ne abincin yau da kullum na makaɗi matafiyi, wato jira. Wanda ya saurari faifan yana neman labarin siyasar watan Yuli ba zai same shi ba, tun da an tsara waƙoƙin kafin nan. Wanda ya saurare shi yana neman sautin mutane huɗu da suka shekara biyu a cikin mota ɗaya, suka san numfashin juna, shi ne zai samu abin da ya zo nema.

3. Wace kalma za mu ba wannan tafiya?

Kafin mu ci gaba ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kalma, domin Hausa ba ta da guda ɗaya da ta dace daidai da abin da Faransanci ke kira tournée. Turne ta shigo bakin mutanenmu tun zamanin kumandan, kuma har yau tana ɗauke da warin mulki, kamar yadda rangadi ke ɗauke da na sarauta: mai turne da mai rangadi duba talakawa suke zuwa yi. Yawo kuwa ta yi sakaci da yawa, ga ta kusa da yawon banza da yawon dandi, waɗanda su ne sunayen da iyaye ke ba wannan sana'a in ba su so ɗansu ya shige ta ba (Mdou Moctar kansa daga gidan da ba a son kiɗa ya fito, kuma gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke). Cin rani ta fi kusa ta fuskar tattali, tun da mutum yana barin gida na wani lokaci ya nemo abin da zai ciyar da waɗanda ya bari. Sai dai ɗan cin rani yakan zauna wuri ɗaya.

A ganinmu kalmomin fatake su ne suka fi dacewa. Ƙungiyar ayari ce. Mai kula da tafiya, wanda ke riƙe da kuɗi da takardu da jadawalin kwanaki, shi ne madugu. Kowane gari zango ne, ana sauke kaya da la'asar a ɗaure su kafin gari ya waye. Akwai mai masauki, akwai guzuri, akwai masu karɓar fito a kan hanya. Ba kwatanci ne na ado kawai ba: hanyar ayari ita ce ta haɗa Hausawa da Abzinawa tun ƙarnoni, har ta bar sawunta a cikin harshe. Raƙumi da takobi, alal misali, masana da yawa suna ganin daga wajensu muka aro su, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin wannan faifai sunanta Takoba.

Inda kwatancin ya tsaya shi ne wajen lokaci. Ayari yana iya ƙara kwana a zango in dabba ta gaji. Makaɗin gargajiya ma, in ya fita yawon kiɗa bayan kaka, mai masaukinsa ne ke sallamarsa, kuma kyauta ce ladansa, ba a san yawanta ba sai an gani. Zagayen Turai da Amurka kuwa an ƙulle shi watanni kafin a tashi: rana kaza gari kaza, ƙarfe kaza a hau dandamali, minti kaza a sauka, an sai da tikiti, an sa hannu a takarda.

4. Yini guda

Tafiyar takan fara tun kafin jirgi. Daga Agadas zuwa Yamai wajen kilomita 950 ne, ta Abalak, Tawa, Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Sashen Tawa zuwa Agadas na cikin hanyar da aka shimfiɗa da kuɗin uraniyom a ƙarshen shekarun 1970, kuma duk wanda ya bi ta a kar a shekarun 2010 ya san yadda ta lalace. Sa'an nan sai maganar biza. Irin wadda Amurka ke ba mawaƙa a ɗaure take da wasannin da aka nema dominsu, kuma sai wani a can ya shigar da takarda tukuna. Daga 1 ga Afrilu 2024 kuɗin shigar da wannan takarda ya tashi daga dala 460 zuwa 1,015 ga manyan masu gayyata (dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba), ban da ladan lauya da kuɗin gaggautawa. Ƙungiya takan fara zagaye da bashi a wuya, ƙarshen tafiya ne ke nuna ko an fita.

A can kuma yinin kusan iri ɗaya ne kullum. A tashi da safe a otal, a loda kaya a mota, a yi awa biyar ko takwas a kan kwalta. Daga Niyok zuwa Los Anjalas wajen kilomita 4,500 ne, kusan sau biyar ke nan na Yamai zuwa Agadas. A isa da la'asar, a sauke kaya, a gwada sauti, a jira. A yi wasa na awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. A tsaya wajen tebur ana sai da riguna da faya-fayai, don wannan cinikin yana cikin abin da ke riƙe ƙungiya tun da saurare ta intanet ba ya kawo wani abin kirki. A sake loda kaya da tsakar dare. Cikin awa 24, kiɗan bai kai biyu ba. Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi: inda zai yi alwala da salla a tashar mai, abin da zai ci, wasa a ɗakin da ake sai da giya, azumi a ƙasar da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Ga Ba'abzine kuma akwai shayi, wanda ke son gawayi da lokaci da abokan hira. Otal ya hana na farko, jadawali ya hana na biyu.

Wannan rayuwa ta shiga faya-fayan ƙungiyar tun kafin wanda muke magana a kansa. Afrique Victime na 2021 guntu-guntu aka ɗauke shi a tsakanin wasanni, wani a ɗakin ɗaukar sauti, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandamali, wani a Nijar. Funeral for Justice kuwa cikin kwana 5 aka ɗauke shi, a wani gida da kusan babu kaya a ciki a arewacin jihar Niyok, bayan shekara biyu ana zagaya duniya.

A nan ne muke son mu gyara wata fahimta da ta yaɗu. Mai saurare na Turai yakan ɗauka cewa gitar katako ita ce ta asali, ta hamada, gitar kuran kuwa aro ce daga kiɗan rok. Saboda haka sai ya ji Tears of Injustice kamar komawa gida. Wanda ya taɓa halartar biki a Agadas ya san ba haka ba ne. Kiɗan biki na kuran ne, da injin wuta da lasifika da ƙura da samari a kan babura, kuma gudunsa ƙaruwa yake yi har mai ganga ya jiƙe. Hayaniyar Funeral for Justice ta fi kusa da filin biki. Faifan farko ma na Mdou Moctar, Anar, a Sakkwato aka yi shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa, ya kuma yaɗu daga salula zuwa salula. Sautin Tears of Injustice na ɗaki ne, inda ba a son a tada maƙwabci: ɗakin hira a gida, haka ne, amma kuma ɗakin otal da bayan dandamali. Sautin awa 22 ɗin nan ne da ba a sai wa kowa tikitinsu.

5. Maganar amshi

Yanzu mun zo ga abin da ya fi damunmu. Bayan sun koma gida, Ahmoudou Madassane ya tafi da ƙaramar na'urar ɗaukar sauti, ya tara wasu Abzinawa suka yi amshi, aka aika da muryoyin aka haɗa da abin da aka ɗauka a Burukilin. Wannan ɗan bayani, wanda aka ambata a gurguje cikin sanarwar kamfani, ya fi labarin rufe iyaka faɗin gaskiyar rayuwar hanya. Ƙungiya ta iya ɗaukar gita da ganga ta ƙetare teku da su. Ƴan amshi ne ba su shiga jaka, kuma kowane mutum ɗaya da aka ƙara a ayari tikitin jirgi ne da biza da gado.

Mun san aikin amshi a waƙar baka, ta Hausa ko ta Tamajak. Yana ba mawaƙi damar numfasawa ya shirya ɗan waƙa na gaba. Yana kuma shaida masa cewa maganarsa ta isa. Mawaƙi yana saurarensu kamar yadda suke saurarensa, in sun yi sanyi ya zuga su, in sun ɗauka ya ƙara. A wannan faifai amshin yana amsa muryar da aka ɗauka makonni kafin nan, a wata nahiya, mai muryar kuwa bai ji su ba lokacin da yake waƙar. An yi haɗin da gwaninta, kunnen da bai san labarin ba ba zai tsinkayi ɗinkin ba. Amma zance ne mai hanya ɗaya, kuma muna ganin shi ya sa wasu wurare suka yi lami: muryar jagora ba ta taɓa canza niyya saboda abin da aka mayar mata ba.

Waƙar Imouhar ita ce ta fi fito da wannan matsala fili. Kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu da rubutunsu na Tifinar kada su ɓace. A zagaye kuwa, dare bayan dare, ana rera ta ne gaban ɗaruruwan mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Tamajak ba. Su abin da ke isa gare su shi ne yatsun bahagon mai gita, shi ya sa jaridunsu ke ta kwatanta shi da Jimi Hendrix. Ba laifinsu ba ne, kuma ba mu ce jin daɗinsu na ƙarya ne ba. Sai dai harshen da ake roƙo a raya ya zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, waɗanda aka yi kiran dominsu kuma suna nesa da kilomita dubbai. A cikin hira da ƴan jarida, wadda galibi da Faransanci ake yin ta ta bakin tafinta, Mdou Moctar yakan ɗora laifin a kan Faransanci. Mu da muke rubutu da Hausa ya kamata mu ƙara da cewa a kasuwar Agadas da ta Tawa, harshen da yaron Abzinawa ke komawa gare shi sau da yawa namu ne. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10 a jere ɗaya. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ita kaɗai a matsayin harshen ƙasa, ya kira sauran harsunan da ake magana da su a Nijar. Mai sauraren Imouhar a Maraɗi ko Damagaram yana da dalilin da zai sa ya ji ta da kunne biyu.

Sunayen waƙoƙin ma abin dubawa ne. Uku an ba su suna don kasuwar waje: Funeral for Justice, Oh France, Modern Slaves. Sauran biyar na gida ne, amma da ƙa'idar rubutun Faransanci aka rubuta su, ba da wadda Nijar ta tsayar wa Tamajak a 1999 ba. Sakamakon haka sauti ɗaya, wanda ƙa'idarmu ke rubutawa da ɣ, ya fito da r a Imouhar, ya fito da gh a Imajighen. Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne, a bayan faifai guda an jera siffofi uku na saiwa ɗaya, wadda Abzinawa ke kiran kansu da harshensu da ita: h ta mutanen Ahaggar a Imouhar, j ta Azawak da Abzin a Imajighen, sh ta mutanen Mali a Sousoume Tamacheq. Ɗalibin da ke neman misalin yadda karin harsunan Tamajak suka rabu ba ya bukatar wuce bangon wannan faifai. Mu dai mun karanta shi a matsayin alama cewa mawaƙin yana magana da al'ummar duka, ta Aljeriya da Mali da Nijar da Libiya, ba ta jiharsa kaɗai ba.

6. Abin da kunne ya ji

Inda faifan ya yi ƙarfi shi ne inda aka bar shi yadda ya zo. Imouhar ta nan ta kai minti 8, domin sau biyu aka yi ta a jere, mai gitar bai tsaya ba balle a raba su, sai aka bar ta haka. A nan ana jin abin da hanya ke koya wa ƙungiya: babu wanda ya ba da alama, amma duk sun san inda za a juya. Gitar Madassane, wadda hayaniya kan rufe a faifan 2024, ta fito sarai, kuma sai yanzu mutum ke gane cewa ita ce turken da sauran ke kewayawa. Kalmomi ma sun fito. Mai jin Tamajak zai fi amfana da wannan faifai nesa ba kusa ba. Sousoume Tamacheq kuwa yanzu siffa uku gare ta, ta 2017 wadda Mdou Moctar ya yi shi kaɗai, ta 2024 da ta 2025, kuma jera su a saurara darasi ne a kan yadda waƙa ɗaya ke sake jiki gwargwadon ɗakin da aka sa ta.

Rauninsa shi ne tafiyar ta cika zama ɗaya. Bayan waƙa ta huɗu ko ta biyar kunne yakan fara neman inda za a tashi tsaye, ba a kuwa tashi. Oh France, wadda fushinta ke cikin gudunta, ita ta fi yin asara.

Yana da amfani a kwatanta shi da Amadjar na ƙungiyar Tinariwen, na 2019. Su ma a hanya suka tsara shi, daga kudancin Maroko zuwa Nuwakshot, suka kafa tanti a bayan gari suka ɗauka, tare da Noura Mint Seymali da mijinta mai gita. Sunan faifan yana nufin abin da Hausa ke kira baƙo, da ma'anoninta biyu, wanda ba a sani ba da wanda aka saukar. Bambancin shi ne su Tinariwen su suka zaɓi hanyarsu da zangonsu, suna kuma tafe cikin ƙasar da ake amsa musu. Ana jin sarari a cikin sautin. Tears of Injustice an yi shi ne a ɗaki rufe, a hannun mutanen da ba su san ranar komawarsu ba, kuɗin otal yana ta hawa. Mun fi son na farko don saurare, amma na biyu ya fi faɗa mana yadda sana'ar take ga yawancin masu yin ta.

Wata 5 bayan fitowar faifan, a watan Yuli 2025, ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza, hanyar ta sake rufewa, wannan karo daga ɗaya bakin.